Fasahar haske da haƙƙin dare

A harabar Jami'ar Rice da ke birnin Houston na Amurka akwai wani tudu da aka lulluɓe da ciyawa, an ɗora masa farin rufi mai faɗi a kan siraran ginshiƙai, a tsakiyar rufin kuma an bar kafa mai kusurwa huɗu wadda ba a sa mata gilashi ko wani murfi ba. Wani ɗan uwana da ke aiki a garin ne ya kai ni wurin wata rana da la'asar sakaliya, muka samu gefen dakali muka zauna cikin mutanen da ba mu sani ba, kowa ya jingina bayansa ya ɗaga kai. Da rana ta kusa faɗuwa sai wasu fitilu da aka ɓoye suka fara wanke cikin rufin da launi, a hankali ƙwarai, ta yadda mutum ba zai iya cewa ga lokacin da ruwan goro ya koma ruwan hoda ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda saman da ke cikin kafar ya riƙa sauyawa tare da rufin: in rufin ya yi ruwan goro sai saman ya yi shuɗi mai zurfi kamar rinin baba, in ya koma ruwan hoda sai saman ya yi tsanwa, launin da ban taɓa ganin sama da shi ba tun da aka haife ni.

Ana cikin haka lokacin magariba ya shiga, na sauka na koma gefe a kan ciyawa don in yi salla. Kafin in kabbara na ɗaga kai, sai na ga sama tana nan yadda na san ta a kowace almuru, toka-toka da sauran ja a yamma, babu tsanwa ko kaɗan. Da na idar na koma mazaunina, na tarar da tsanwar tana nan a cikin kafar. A nan na gane cewa mutumin da ya gina wurin bai taɓa sama ba, kuma ba shi da ikon taɓa ta. Idona ya yi wa aiki, domin ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da launin da ke kewaye da shi. Bayan kimanin minti 40 kafar ta zama baƙa ƙirin kamar an shimfiɗa karammiski a kanta, mutane suka tashi suna magana ƙasa-ƙasa.

Wannan aikin wani mai fasaha Ba'amurke ne mai suna James Turrell, an buɗe shi a 2012, kuma yana cikin ɗakunan kallon sama fiye da 80 da ya gina a ƙasashe daban-daban. Na fara da shi ne saboda da shi nake auna sauran. A 'yan shekarun nan fasahar haske ta zama babbar harka, birane na kashe dukiyar jama'a wajen shirya mata bukukuwa, kamfanoni na gina mata manyan zauruka suna sayar da tikiti, kuma kusan duk wanda ya shigo fagen da kalmomi biyu yake tallata hajarsa: ya ce daga halittar Allah ya samo tunaninsa, kuma aikinsa yana taɓa ruhi. Ra'ayina shi ne waɗannan kalmomi biyu suna da nauyi, bai kamata a bar kowa ya ɗauke su kyauta ba. Aikin da ya cancanci su shi ne wanda ya mayar da idon mutum ga sama ta gaskiya, wanda kuma ya san cewa dare yana da haƙƙi a kansa. Wanda ya ƙara kashe dare don ya sayar wa mutane hoton taurari, ko yaya kyansa yake, nishaɗi ne, a kira shi da sunansa, kada kuma hukuma ta biya masa kuɗi da sunan raya zukata.

An haifi Turrell a 1943, ya tashi a gidan mabiya wata ɗariƙar Kirista da ake kira Quaker, waɗanda da yawansu ibadarsu ita ce su taru a ɗakin da babu hoto babu gunki, su zauna shiru. Ya sha ba da labarin cewa kakarsa takan ce masa idan an zauna ya shiga cikin kansa ya gai da haske. Ya yi karatu a kan yadda ido da ƙwaƙwalwa ke fahimtar abin da suka gani, kuma matuƙin jirgin sama ne tun yana matashi. Da ƙaramin jirginsa ya yi ta shawagi a yammacin Amurka har a 1974 ya hango wani mataccen dutse mai aman wuta a hamadar Arizona, wanda ake kira Roden Crater, ya mallake shi a 1977, kuma tun daga lokacin yake haƙa hanyoyi da ɗakuna a cikinsa, an daidaita kowanne da inda rana ko wata ko wani tauraro zai bi. Kusan shekara hamsin ke nan ba a gama ba, ba a kuma buɗe wa jama'a ba. Akwai masu sukar aikin da cewa ya ci miliyoyin daloli amma sai masu hannu da shuni da suka ba da gudummawa ke samun shiga, kuma wannan suka tana da tushe. Duk da haka akwai abin da ba za a ƙwace masa ba, wato aikin nan ba ya rayuwa sai da sama. Idan gajimare ya rufe, babu maɓallin da za a danna a kawo wata.

Shaidar da ta fi gamsar da ni a kan gaskiyar mutumin ita ce abin da ya faru a birnin Dallas. Yana da ɗakin kallon sama a wata cibiyar sassaƙe-sassaƙe da ake kira Nasher, sai aka gina wani dogon bene mai hawa 42 a kusa, har kan benen ya leƙo cikin kafar. Turrell ya bayyana cewa aikin ya lalace, aka rufe shi, alhali bangonsa da fitilunsa suna nan lafiya lau. Irin haka ta sake faruwa a New York a farkon 2019, inda ƙarafan wani gini da ake yi suka shigo cikin kafar ɗakinsa da ke gidan baje kolin fasaha na PS1, aka rufe ɗakin na wasu watanni har sai da aka kawar da su. Mai fasahar da ya yarda a rufe aikinsa saboda an tsaya tsakaninsa da sama ya nuna cewa sama ce jarinsa, fitilun kuwa masu hidima ne kawai.

Ina so in ɗan tsaya a kan lokacin da ya zaɓa, domin a nan ne abin ya taɓa ni a matsayina na Musulmi. Fitilun Houston suna aiki ne sau biyu a rana, da fitowar rana da faɗuwarta. Waɗannan su ne gaɓoɓin da aka umarce mu da lura da su tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Kafin agogo ya zo, ladan sama yake duba, ya san cewa idan jan shafaƙi ya ɓace isha ta yi, ya kuma san bambancin alfijir na ƙarya, wanda ke miƙewa sama kamar wutsiya, da na gaskiya wanda ke bazuwa a gefen gabas. A Suratul Baƙara an gaya wa mai azumi ya ci ya sha har farin zare ya bayyana gare shi daga baƙin zare na alfijir. Wannan ilimi ne na ido, ana koyonsa da zama da haƙuri, kuma yau da yawanmu mun miƙa shi ga kalanda da wayar hannu. A birnin da samansa ke yin ja-ja-ja dukan dare saboda fitilu, ganin wannan zare da ido ya zama da wuya ko ga wanda ya so ya gani. Sai ga shi wani Ba'amurke ya zaunar da ni minti 40 ina kallon abin da kakata ke kallo kullum daga kan tabarmarta.

Gidanmu na ƙauye ginin ƙasa ne, tsakar gidansa katanga ce ta ɓangare huɗu da sama a bisa. Da an yi isha a lokacin bazara sai a fito da tabarmi, a kashe aci-balbal don kada mai ya ƙare, mu kwanta rigingine. A nan aka nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, a nan na ji ana kiran Zara matar wata, kuma idan tsohuwa ta tashe mu da asuba takan ce Gamzaki ya fito. Ba mu san cewa akwai ranar da mutane za su yi layi don su samu irin wannan ba.

Amma fa a nan ne nake rabuwa da masu yawan kiran ruhi a kan waɗannan ayyuka. Abin da na samu a Houston natsuwa ce, natsuwa kuwa abu ne mai daraja, sai dai ita ƙofa ce. Bahaushe ya ce ganin Dala ba shiga birni ba. Alƙur'ani ya ce a cikin halittar sammai da ƙasa da sassaɓawar dare da yini akwai ayoyi ga masu hankali, aya kuwa alama ce da ke nuni zuwa ga wani abu a bayanta. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya dubi tauraro, ya dubi wata, ya dubi rana, kowanne ya faɗi, ya ce shi ba ya son masu faɗuwa, ya juya fuskarsa ga wanda ya ƙaga su. Ba na neman mai fasaha ya zama mai wa'azi, ba na kuma neman wanda ba addininmu ɗaya ba ya ga abin da nake gani. Abin da nake nema shi ne kada a sayar wa mutum tikiti a ce masa ya iso, alhali a bakin ƙofa aka ajiye shi. Turrell ya fi sauran mutunci a idona ne domin ɗakinsa bai cika maka kunne da komai ba. Ya ba ka wurin zama da shiru da sama, abin da za ka yi da su kuma ya rage tsakaninka da zuciyarka.

Wanda ya fi kowa sanya wannan fage ya shahara shi ne Olafur Eliasson, haifaffen Denmark mai asali da Iceland. Daga Oktoban 2003 zuwa Maris na 2004 ya rataya wata ƙatuwar rana a babban zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan, wanda a da tashar samar da wutar lantarki ce. A gaskiya rabin da'ira ce mai ɗauke da fitilu masu launin rawaya zalla, sai aka shimfiɗa madubi a rufin zauren ya cika ɗaya rabin, aka kuma riƙa fesa hazo. Mutane wajen miliyan 2 suka je, da yawansu suka kwanta a ƙasa suna kallon kansu a madubin kamar tururuwa. Ba abin mamaki ba ne a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a tsakiyar hunturu. Ina da ja a kan aikin, domin rana ce ta ƙarya a cikin ɗaki, amma Eliasson ya yi wani abu da ya wanke shi: ya bar hanya a buɗe ta yadda duk wanda ya so zai zagaya baya ya ga ƙarafa da wayoyi da fitilun da suka haɗa ta. Bai ɓoye cewa ƙira ce ba, don haka wanda ya fito daga zauren ya fito da tambaya a kan ranar da ya bari a waje.

Shekara goma sha biyar bayan haka abin ya ɗauki wata fuska. A 2018 ƙungiyar masu fasaha ta teamLab ta buɗe wani zaure a Tokyo mai faɗin murabba'in mita 10,000, da kwamfuta 520 da majigi 470, inda furanni ke tsirowa a bango su bushe su zube, ruwa na kwararowa daga rufi ba ya jiƙa kowa, malam-buɗe-littafi na tashi daga jikin mai kallo. A shekarar farko mutum miliyan 2.3 suka shiga, kuma a 2024 an buɗe irinsa a tsohon garin Jidda. Ba na raina gwanintar da ke ciki, ba na kuma raina murnar yaron da ya taɓa bango fure ya fito. Wanda ya yi aiki mako guda ya kai iyalinsa su yi dariya bai yi laifi ba. Inda nake ja shi ne inda aka ce wannan yana haɗa mutum da halitta. Furen da ba ya bukatar ruwa, ba ya jiran damina, ba ya jin fari, bai koya wa kowa komai game da fure ba. Halitta ta gaskiya tana sa ka jira, tana iya hana ka abin da ka zo nema, kamar yadda masu duban wata ke tsayawa a bayan gari su koma gida ba su gani ba. A waɗannan zauruka kuwa komai yana zuwa da zarar ka miƙa hannu, kuma hannun da aka fi miƙawa waya ce a cikinsa.

Duk da haka zauren da ke rufe bai cutar da kowa a waje ba. Matsalar da ta shafi jama'a tana farawa ne idan aka fito da fitilun fili. A 2016 wasu masana suka fitar da taswirar hasken dare ta duniya, suka nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a ƙarƙashin saman da hasken lantarki ya gurɓata, kuma kashi ɗaya cikin uku na 'yan Adam ba sa iya ganin farin kogin taurarin nan da ke ratsa sama a daren duhun wata. Singafo ce ta fi kowace ƙasa tsanani, Kuwait da Katar da Daular Larabawa da Saudiyya suna biye da ita. A Saudiyyar ne kuma aka fara bikin fasahar haske na Noor Riyadh a 2021, wanda cikin ɗan lokaci ya tara lambobin kundin bajinta na Guinness saboda girmansa, da hasken leza da jirage marasa matuƙa da ke zana siffofi a sararin samaniya. Akwai ayyuka masu kyau a cikinsa, masu fasahar ƙasar kuma sun samu fagen da ba su da shi a da. Amma wannan ita ce ƙasar da kakanninta suka ratsa sahara da taurari, har yau sunayen taurari da yawa a littattafan ilimin sararin samaniya na duniya na Larabci ne. Yana yi mini ciwo a ce yaron Riyad ya san tauraron da jirgi ya zana, bai san Surayya ba, wato taurarin da mu muke kira Kaza da 'Ya'yanta.

Birnin Lyon na Faransa ya nuna yadda irin wannan biki ke girma har ya manta mafarinsa. A daren 8 ga Disamban 1852 mutanen garin suka jera kyandira a tagoginsu don girmama Nana Maryam, kowane gida da hannunsa. Yau bikin ya zama na kwana huɗu, ana haska manyan gine-gine da majigi, baƙi na tururuwa daga ko'ina. Har yanzu akwai gidajen da ke sa kyandir a taga, kuma ni a ganina ruhin bikin yana wurinsu.

Misalin da na fi so a ba wa kowane mai shirya irin wannan biki yana New York. Kowace shekara a daren 11 ga Satumba ana kunna manyan fitilu 88 da ke haɗuwa su zama ginshiƙai biyu na haske, don tunawa da waɗanda suka mutu a harin 2001. Babu wanda zai ce wannan aiki ba shi da ma'ana, domin makoki ne na gari guda. Sai dai lokacin ya dace da ƙaurar tsuntsaye zuwa kudu, yawancinsu kuwa da dare suke tafiya, hasken ya ruɗe su su yi ta kewaya shi suna kuka har ƙarfinsu ya ƙare. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa a darare bakwai kacal na shekaru bakwai, hasken ya shafi tsuntsaye sama da miliyan ɗaya. Abin da aka yi shi ne aka yarda masu sa kai su kwana a ƙarƙashin fitilun suna ƙirga, idan tsuntsayen da suka maƙale suka kai dubu sai a kashe fitilun na minti 20, su watse su kama hanyarsu, sannan a sake kunnawa. Mutanen da ke juyayin 'yan uwansu sun yarda a katse musu makoki saboda tsuntsun da bai kai tafin hannu ba. Idan ana neman inda ruhi yake a fasahar haske, ni a wannan minti 20 na duhu na gan shi fiye da ko'ina.

A Ostireliya kuma Bruce Munro ɗan Ingila ya dasa sanduna masu ƙwan gilashi fiye da 50,000 a cikin hamada kusa da dutsen Uluru a 2016, suna shan rana da yini su yi haske mai laushi da dare kamar furen da ya tsiro bayan ruwan farko. Dutsen wuri ne mai tsarki ga mutanen Anangu, waɗanda aka mayar wa mallakarsa a 1985, suka kuma yi ta roƙo har aka hana hawansa a Oktoban 2019. An sa wa aikin suna da harshensu, hasken kuma a ƙasa yake kwance, bai harba sama ba, shi ya sa mai kallo ke iya ɗaga kai ya ga taurari. Wannan ladabi ne da ya kamata a yaba. Amma an shirya shi ne na ɗan lokaci, sai kasuwa ta yi kyau aka yi ta tsawaita shi, kuma ina ganin wuri irin wannan ya cancanci dararen da ba a kunna komai a cikinsu.

Na san abin da mai karatu daga Kano ko Damagaram zai ce mini, domin ni ma na faɗa wa kaina. Zai ce wanda ya ƙoshi ne ke yabon yunwa. Mu da ake ɗauke wa wuta ana tsakiyar tiyata, mu da 'ya'yanmu ke karatu da tocilar waya, mu da muke cewa dare rigar mugu saboda mun ga abin da ake yi a cikinsa, wa zai zo ya yi mana wa'azin duhu? Maganar gaskiya ce. Mutane wajen miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, kuma taswirar nan ta 2016 da ta sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta, tana nuna talaucin wuta ne kamar yadda take nuna kyan taurari. Ni kaina na yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai har hancina ya yi baƙi da hayaƙi, ba na yi wa kowane yaro fatan haka. Duhun da aka tilasta wa mutum zalunci ne. Wanda nake karewa shi ne duhun da mai wuta ya zaɓa ya bari a inda ba a bukatar haske, wato a sama, a daji, a kan ruwa, da kuma tsakar dare lokacin da titi ya zama babu kowa. Mu ma da muke cewa dare rigar mugu, mu ne muke cewa dare mahutar bawa. Ƙasashen da yanzu suke jan wuta zuwa garuruwansu suna da damar da Turai ta ɓarar, su sa fitilar titi mai murfi da ke kallon ƙasa tun farko, wadda ta fi haska hanya kuma ba ta zubar da wuta a sama a banza.

Eliasson ya fahimci wannan ɓangare, domin a 2012 shi da injiniya Frederik Ottesen suka ƙera wata 'yar fitilar sola mai siffar fure da suka kira Little Sun, ana sayar da ita da tsada a ƙasashe masu arziki don a sauƙaƙa farashinta a inda babu lantarki, kamar ƙauyukan Habasha. Fitila ɗaya ba za ta maye gurbin tashar wuta ba, amma ta nuna cewa mai fasahar haske zai iya tambayar kansa wa ke bukatar hasken kafin ya tambayi wa zai biya kuɗin kallo.

Ba kuma sai da fitila dubu ake girgiza zuciya ba. Anila Quayyum Agha, haifaffiyar Lahore ta Pakistan da ke zaune a Amurka, ta ƙera akwatin katako mai tsawon ƙafa shida da rabi a kowane gefe, ta huda shi da zanen da ta samo daga adon fadar Alhambra ta Andalus, ta rataya shi a tsakiyar ɗaki, ta sa ƙwan lantarki guda ɗaya a cikinsa. Inuwar zanen ta mamaye bango da rufi da daɓe da jikin duk wanda ya shigo. Ta bayyana cewa aikin ya samo asali ne daga ƙuruciyarta, lokacin da masallaci ya kasance wurin maza, mata kuwa a gida suke salla, don haka ta so ta gina wurin da ba a tsayar da kowa a ƙofa. A 2014 ta lashe ƙuri'ar jama'a a gasar ArtPrize ta garin Grand Rapids, ta kuma raba kyautar alƙalai da wata mai fasaha. Rabin kyan aikin inuwa ce, kuma da za a ƙara ƙwai na biyu a ɗakin da zanen ya dagule.

Saboda haka abin da nake nema daga duk hukumar da za ta kashe kuɗin jama'a a kan fasahar haske, a Riyad ne ko a Lyon ko a duk birnin da zai kwaikwaye su gobe, shi ne ta rubuta sharuɗɗan dare a cikin kwangilar tun kafin a sa hannu. A faɗi ƙarfe nawa za a kashe, a hana harba haske sama a lokacin ƙaurar tsuntsaye, a nemi yardar masu wuri idan wurin mai tsarki ne a gare su, kuma a ware wani kaso na kuɗin bikin don gyara fitilun titi masu zubar da haske a sama duk shekara. Wannan ba mafarki ba ne, an riga an yi. Tun 2013 Faransa ta kafa dokar kashe fitilun tagogin shaguna da na fuskar gine-gine da ƙarfe ɗaya na dare, na ofisoshi kuma sa'a ɗaya bayan fitar ma'aikaci na ƙarshe. Garin Flagstaff na Arizona ya riga kowa, domin tun 1958 ya hana amfani da manyan fitilun talla masu harba sama don ya kare aikin masu nazarin taurari da ke kusa, a 2001 kuma ya zama gari na farko a duniya da aka ba shaidar kare duhun sama. Mutane fiye da dubu saba'in ke zaune a cikinsa, da asibiti da jami'a da tituna masu fitila, kuma daga tsakiyar gari ana ganin kogin taurari. Dutsen da Turrell ya shafe rayuwarsa yana haƙawa yana arewa maso gabas da garin, a cikin duhun da dokokin mutanen yankin suka taimaka aka tsare.